Wasiƙar da Taru Ta Je Nema a Tsibirin Pesonen

Taru Anneli Kinnunen, an haife ta ranar tara ga watan Maris na shekarar 1981, a garinmu da ke bakin tafkin Saimaa. Mahaifinta direban motar katako ne, mahaifiyarta kuma tana dafa abinci a makarantar da na koyar shekara talatin da huɗu. Ni na riƙe ajinsu Taru daga aji uku zuwa aji shida. Ba ta cikin yaran da ke ɗaga hannu. Idan na yi tambaya, takan rubuta amsar a gefen littafinta, ta jira wani ya faɗa, sannan ta duba ko ya yi daidai.

Da ta gama sakandare sai ta yi karatun difloma a kwalejin kasuwanci da ke Savonlinna. Tana da shekara ashirin da ɗaya aka ɗauke ta aiki a masana'antar yanka katako ta garinmu, a sashen da ke tsara fitar da kaya. Aikinta shi ne ta san wace mota za ta ɗauki wane katako, da ƙarfe nawa, zuwa wace tasha. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata biyu, auren ya mutu ba tare da hayaniya ba, ita kuwa tana nan a teburinta na kusa da taga.

Cikin shekara ashirin da biyu an kawo wa sashen nasu shugabanni uku, kowanne da digirinsa. Dukkansu Taru ce ta koya musu aikin. Ita ta nuna musu hanyoyin da laka ke rufewa idan ƙanƙara ta fara narkewa, da direbobin da ba a ba su aikin asuba. Biyun farko kowannensu ya zauna shekara biyar ko shida, ya samu wuri a birni, ya tafi.

A farkon shekarar 2024 shugaban na uku ya sanar cewa shi ma zai bar aiki nan da shekara biyu. Masu masana'antar suka rubuta cewa ba za a ba kowa kujerar ba sai mai digiri. A wannan karon Taru ba ta yi shiru ba. Ta bincika har ta gano wata makaranta a birnin Tampere da ke ba da digirin gudanar da kasuwanci na gajeren lokaci ga masu aiki: wata goma sha takwas, Juma'a da Asabar, sau biyu a wata. Idan ta shiga a watan Satumba, za ta gama kafin kujerar ta zama babu kowa. Idan ta jira wata shekarar, lokaci ya wuce, sai dai ta shirya koya wa mutum na huɗu.

Makarantar tana karɓar masu difloma irinta, amma da sharaɗi guda. Dole babban shugaban wurin aikin mutum ya rubuta wasiƙa da sa hannunsa, ya shaida ƙwarewarsa, ya kuma yarda zai riƙa sakinsa ranakun Juma'a. Za a rufe karɓar takardu ranar Laraba, talatin da ɗaya ga Yuli, da ƙarfe huɗu na yamma.

Sauran takardun duk ta haɗa su tun watan Mayu. Ta kawo mini bayanin da ta rubuta a kan kanta, na gyara mata wurare bakwai. Wasiƙar ce kawai ta rage, kuma babban manajan masana'antar, Reijo Pesonen, shi ne zai rubuta ta. Mutum ne ɗan shekara sittin da uku, wanda kalmominsa na yini guda ba sa cika shafi. Kullum da ƙarfe tara na safe shi da Taru sukan zauna a tebur ɗaya su sha gahawa. Sai dai lokacin gahawa ba lokacin kawo buƙata ba ne, kuma a ce mutum ya tsaya gaban wani ya roƙe shi ya yabe shi a rubuce, wannan abu ne mai nauyi a baki. Ta ce gobe, ta sake cewa gobe. Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni ta yi ƙarfin hali ta ƙwanƙwasa ofishinsa bayan azahar, ta tarar ya riga ya kulle, ya tafi hutun Yuli.

Kowa ya san inda Pesonen ke hutunsa. Yana da ɗan gidan katako a wani tsibiri, tafiyar minti arba'in a kwalekwale mai inji, kuma wayarsa a aljihun teburin ofis yake barinta. Shekarar da ɗakin busar da katako ya kama da wuta a tsakiyar Yuli, an kashe wutar, an share wurin, an jira shi har Agusta kafin a gaya masa, kuma ya ce an yi daidai. Taru ta aika masa saƙo, na'ura ta amsa mata cewa zai dawo biyar ga Agusta. Ta rubuta wa makarantar tana roƙon a ƙara mata mako guda, na'urarsu ita ma ta amsa cewa ma'aikata suna hutu, shafin karɓar takardu kuma zai rufe kansa a kan lokaci.

Ranar Talata, saura kwana ɗaya, ta zo gidana da hantsi tare da yayanta Jarmo, wanda ke gyaran injinan kwalekwale. Na zuba musu gahawa. Ta ba ni labari duka, idonta a kan kofinta.

“Malama, shi ke nan,” in ji ta. “Na haƙura.”

Jarmo ya ce, “Ji ta fa, Malama. Motoci hamsin take juyawa a rana, amma ta kasa juya harshenta ta ce wa tsoho ɗaya ya sa hannu. Wai ita ce za ta zama shugaba!”

“Kai dai Yaya, ci burodinka. Kai ka taɓa zuwa tsibirin?”

“Ni? Ai ban haukace ba. Ko injinsa ne ya mutu, sai dai ya tuƙo da filafili ya same ni.”

Ya kamata in faɗi gaskiya: ni ma ban ba ta shawarar ta je ba. A raina abin ya yi kama da a shiga wa mutum ɗakin kwana da takalmi. Abin da na tambaye ta kawai shi ne, “Idan aka kawo na huɗun, za ki iya nuna masa inda ake ajiye makullai da fuska a sake?”

Sai ta juya wajen yayanta.

“Akwai mai a kwalekwalenka?”

“La ila! Da gaske kike?” in ji Jarmo. “To, zan kai ki. Amma ki sani, ba zan sauka ba. In ya fito da gatari, ni ban san ki ba, fasinja ce kawai na ɗauko.”

Abin da ya faru washegari daga bakinsu su biyu na ji shi, kuma labarinsu bai saɓa ba. Sun tashi da ƙarfe goma na safe. Ta riƙe ƙunshin gahawa da baƙin burodi, domin ba a zuwa gidan hutun mutum hannu sake, balle a zo ba gayyata. A jakarta kuma akwai wata wasiƙa mai layi biyar da ta buga da kanta, don kada ta ci masa lokaci fiye da na sa hannu.

Taru ta sauka, ta tarar da Pesonen a gefen ɗan gidan nasa yana faskare, da gajeren wando da tsohuwar hula. Ya ji ƙarar inji, bai ɗago ba. Sai da ta tsaya a gabansa sannan ya kafa gatarin a kututture.

“Wa ya mutu?” ya tambaya.

“Babu kowa.”

“Gobara?”

“A'a.”

“To?”

Ta miƙa masa gahawar da burodin, ya karɓa ya ajiye a kan dutse. Ta yi masa bayani cikin jimla huɗu, waɗanda ta haddace a hanya, sannan ta ba shi takardar da biro. Ya karanta a tsaye. Abin da ta rubuta a madadinsa shi ne cewa ta yi shekara ashirin da biyu a masana'antar, tana zuwa a kan lokaci, ba a taɓa kawo ƙararta ba, kuma ba a hana ta zuwa karatu ba.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bai sa hannu ba. Ya nuna mata tulin itacen da ya faskara, ya nuna rumfar da ake jera shi.

“Ɓawo a sama,” in ji shi. Ya shige gida ya rufe ƙofa.

Taru ta gaya mini cewa a wannan lokacin ta tabbata ta yi asarar abu biyu, karatun da kuma mutuncinta a idon mutumin da za ta ci gaba da zama da shi a teburin gahawa. Ba ta san ko hukunci ne ya yanke mata ba, ko kora ce cikin ladabi. Amma an ba ta aiki, sai ta fara. Tana jera itace, ɓawo a sama, sauro na cizonta. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Babu layin waya a tsibirin, kuma kafin ta iya aika komai sai sun koma bakin gari.

Jarmo ya ƙwala mata kira daga cikin kwalekwale, “Ke Taru! Digirin ke nan aka fara? Darasi na nawa kuke?”

“Rufe mini baki, Yaya!”

“In kin gama nasa, akwai nawa a gida!”

Ƙarfe biyu da rabi ƙofa ta buɗe. Pesonen ya fito da tabarau a hanci da takardu a hannu, shafi uku, an cike su da rubutun hannu a bayan wata tsohuwar kalanda, domin ita ce takardar da ke gidan.

“Abin da kika kawo mini ba shaida ba ce,” in ji shi. “Takardar lodin mota ce. Da ita ko ni ba zan ɗauke ki ba.”

Daga baya na karanta shafukan ukun. Ya rubuta yadda ta fitar da kaya na mako uku ta wata hanya a shekarar da gada ta karye, ba tare da mota ɗaya ta makara ba. Ya ambaci ranar, ya ambaci adadin motocin. Ya rubuta sunayen shugabannin nan uku, ya ce shi ya ɗauke su aiki amma ita ta koyar da su, kuma tun a kan na biyu ya gane inda kuskuren yake. Ya ce ranakun Juma'a nata ne. Babu kalmar ado ko ɗaya a ciki, kuma ban samu abin gyarawa ba.

A tsaye ta karanta. Sai idonta ya kai kan kwanan watan da ya sa a sama.

“Reijo, ka rubuta ashirin da takwas ga Yuni. Yau talatin da ɗaya ga Yuli.”

“Ashirin da takwas ga Yuni ina ofis,” in ji shi. “A Yuli ba na aiki. Ba ki zo nan ba, ban gan ki ba. In aka ji a masana'anta, baɗi kowa nan zai kwararo, sai na gina wa kwalekwale tasha.” Ya ɗaga murya wajen Jarmo da ke bakin tafki, “Kai ma, Kinnunen, ba ka zo ba!”

“Ni ai tun safe ina gida, ranka ya daɗe!” in ji Jarmo.

Taru ta dubi itacen. Rabi ta jera, rabi na nan a zube.

“Bari in ƙarasa wannan,” ta ce.

“Ƙarfe nawa suke rufewa?”

“Huɗu.”

“To me kike yi a tsibirina?”

Sun iso inda waya ke kamawa da ƙarfe uku da minti ashirin da biyar. A cikin kwalekwalen ta ɗauki hoton shafukan, Jarmo na danne mata gefensu don kada iska ta kwashe, ta aika. Da saƙon ya shigo cewa takardunta sun cika, sai ta kwanta rigingine a kan katakon kwalekwalen, ta rufe fuska da hula. Jarmo ya ce bai tsokane ta ba har suka sauka, kuma na yarda da shi, ko da yake da ƙyar.

An kira ta ganawa a tsakiyar Agusta, an ba ta gurbi. Ranar biyar ga watan, da Pesonen ya dawo aiki, sun zauna a teburin gahawa kamar kullum, ya tambaye ta yadda hutunta ya kasance, ta ce lafiya lau, ya ce nasa ma shiru, babu wanda ya dame shi. Yanzu ya yi ritaya, kuma da izininsa na rubuta wannan. Taru na hawa jirgin ƙasa zuwa Tampere sau biyu a wata. Ta ce a ajinsu ita ce ta uku a tsufa, kuma ta fara ɗaga hannu, amma ba kullum ba.

Abu ɗaya ne ke damunta har yau. Ba ta saba barin aiki a rabi ba, kuma ba ta da hanyar komawa ta ƙarasa wanda aka ce ba ta taɓa farawa ba. Jarmo ya wuce ta gefen tsibirin a ƙarshen kaka, ya ce Pesonen ya jera itacen da ya faskara daga baya a wata rumfar dabam. Layin da Taru ta fara yana nan yadda ta bar shi, tsayinsa iya ƙugu, ɓawo a sama, an rufa wa sauran tulin tamfol yana jiranta.