Abin da Aka Faɗa a Ofishin Fasto

Shekara talatin da biyu Fasto ya yi yana kiwon ikilisiya, kuma ƙa'ida ɗaya ce ba ya wasa da ita: abin da aka faɗa masa a ofis, a nan yake mutuwa. Ɗan ɗaki ne a bayan coci, kujera biyu da wata fanka mai ƙara. Mama, matarsa, takan tsokane shi ta ce akwati ta aura, makullin kuma ya ɓata. Jama'a na ta yaba masa. Ai dole su yaba, tunda asirinsu ne a rufe.

Wata Laraba shugaban mawaƙa, wanda ake kira Mai Gita, ya shigo ofishin yana hawaye. Ya ce in ransa ya ɓaci bai san abin da hannunsa ke yi ba, har yarinyar da ya taɓa nema sai da ya fasa mata baki ta gudu. Fasto ya yi masa addu'a, ya ce ya riƙa zuwa. Sau biyu ya zo.

Bayan shekara guda sai ga shi da kawunsa, wai neman auren Auta, 'yar Fasto.

Fasto ya ce a'a. Aka nemi dalili, ya ƙi faɗa. Dattawan ikilisiya suka ce girman kai ne, Mama ta daina yi masa dariya. Fasto ya kira Mai Gita gefe ya ce, "Ka faɗa wa Auta da bakinka."

"Haba Baba, ai an gafarta mini. Ba kai ka ce ba?"

Auta ma ta same shi a ofis, ta zauna a kan kujerar nan. "Baba, dalili ɗaya kawai. In ka ba ni, na haƙura."

Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ya san in ya faɗa, babu mai sake ƙwanƙwasa ƙofar nan. "Ba zan iya ba, 'yata," ya ce. A ƙarshe aka fi ƙarfinsa, shi da kansa ya ɗaura auren, dattawa suna murmushi a layin gaba.

Wata takwas bayan haka ya tsaya a bakin gadonta a asibiti, hannunta a ɗaure, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Dattawan nan ko ɗaya bai leƙo ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki zai karanta mata, ta ɗora hannunta mai lafiya a kan shafin.

"Ka sani?"

"Na sani."

Ba ta yi kuka ba. Wajen bango kawai ta juya.

Yanzu Fasto ya yi ritaya, ana kafa misali da shi wajen riƙon amana, shi kuwa baƙin ciki ne ke cinsa duk sanda ya ji. Auta ta dawo gida, ita ke dafa masa abinci. Kullum da safe takan durƙusa da ladabi ta ce, "Ina kwana, Fasto." Tun ranar asibiti ba ta sake ce masa Baba ba.