Kwanukan da Ba a Cin Tuwo a Ciki

Ɗaki ɗaya aka ba ni a gidan mijina, a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma tun ranar da aka kai ni kwanuka suka cinye rabinsa. Dangin mahaifiyata ne suka yi jeren. Langa kan langa tun daga ƙasa har kusa da rufi, ga fanteka, ga samira, ga manyan kwalla masu zanen fure, ga kabet cike da tangaran, ga kuloli a saman sif ko ledarsu ba a cire ba. Matan gari suka yi ta shigowa kallo suna cewa an yi wa yarinya gata. Ni ma a lokacin na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Ba a cin abinci a cikinsu. Tuwonmu a tsofaffin kwanukan silba muke ci, yara kuma a roba. Na jere aikinsu kawai a gan su. Nawa aikin in sauke su duk gabanin salla, in wanke, in goge, in kashe kyankyasan da suka yi gida a ciki, in mayar da kowanne mazauninsa.

Sai yara suka zo, biyar, kusa da kusa, kowa da tarkacensa. Rigunan da suka yi wa babba kaɗan ana ajiye wa na bayansa, takalma wari-wari, alluna, jakunkunan makaranta, gwangwanayen da suke girkin wasa da su. Ga sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, jarkoki da buhu duk a ƙarƙashin gado. Rabin safiyata wajen neman abu take tafiya. In na ga hular wannan, wandon wancan ya ɓata. Da rani da sauƙi, a tsakar gida ake shimfiɗa. Da damina kuwa cusuwa muke yi, ƙanana a gado tare da ni, sauran a ɗan filin da ya rage tsakanin gado da kabet. Babbar 'yata ita ke samun bakin ƙofa, inda feshin ruwa yake shigowa.

Ƙara ɗaki ba ya cikin magana. Gidan gado ne, an yayyanka shi tsakanin 'yan'uwa. Ɗakin maigidan yana jikin zaure, shi da babur ɗinsa da buhunan taki. Bayan katangarmu gonar ƙanen mahaifinsa ce, dawa har jikin bango, ko akurkin kaji ba za a ba ka wurinsa ba.

Wata rana da hantsi ina tuyar ƙuli, uwar mijina, wadda muke kira Iya, ta zo ta zauna a kan turmi ta leƙa ɗakin.

"Ɗakin nan ya yi muku kaɗan," in ji ta. "Yarinyar nan ta fara girma, tana kwana a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Gwaggonta ta Ungogo ta roƙe ni ita, kin san duk maza ta haifa. In an gama girbi za ta zo ta tafi da ita, ku ma ku sami wurin miƙe ƙafa."

Na ce, "To, Iya."

Me zan ce? 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata shi. "Ke" nake ce mata tun tana goye. In na yi musu, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa matar wane ba ta da ta ido. Amma ina son yarinyar nan, son da ba a yarda uwa ta nuna ba. Ita ce ke zama kusa da ni ina murza ƙuli, tana ba ni labarin duk abin da aka yi a makaranta, har da kwaikwayon tafiyar malaminsu, ni kuwa in haɗe rai in ce ta cika surutu, alhali ba na so ta yi shiru. Shekarunta tara a lokacin. Na san kuma abin da ake nufi da riƙo a gidan da babu 'ya mace: wanke-wanke, shara, da wankin samarin gida.

Tunda baki ba shi da izini, sai na ce bari hannu ya yi magana. In dai ɗaki ne hujjar, zan samar da ɗaki.

Na fara da ƙananan abubuwa. Tsummokara na ƙone su. Kayan da ba mai sawa na raba wa maƙwabta. Gwangwanaye da fasassun robobi da wata tsohuwar fitila na ba masu sayen gwangwan. Takalman da suka rasa 'yan'uwansu na zuba a buhu na fitar, yaran suna bina da kuka kamar na yanka musu akuya. Na sa aka kafa ƙusoshi a bango, kowa ya sami inda zai rataye jakarsa. Jarkokin mai na mayar da su madafi. Na yi kwanaki ina wannan fama, da na gama na tsaya na duba, filin da na samu bai fi na sallaya ba. Duk wahalar nan, ashe ɓarawon wurin yana tsaye a jikin bango yana ƙyalli.

Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyen gaba da mu, kuma tana da ɗakin da ya zama fanko tun da aka aurar da yayyena. Na yanke shawarar kai jeren can ajiya. Ban yi gaban kaina ba, sai da na sami maigidan a zaure yana gyaran abin feshinsa na gaya masa.

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kayanki ne. Ni ina ruwana da kwanuka?"

Na aika aka kira mai amalanke. Muka loda langa da fanteka da kwalla da kabet ɗin kanta, aka ɗaure da igiya, shanu suka ja. A garinmu babu hanyar da ba ta bi ta gaban mutane, kuma kwano ba ya tafiya shiru. Tun daga ƙofar gida har bayan masallaci ana jin ƙararsu, suka wuce ta gaban majalisar da ke gindin darbejiya, suka fita daga gari.

Ranar na ga bangon ɗakina a karo na farko tun ina amarya. Farar ƙasar da aka shafa tana nan fes a inda kwanukan suka rufe. Na share, na goge leda, na shimfiɗa tabarma biyu gefe da gefe. Yaran suka dawo daga makarantar allo suka tsaya turus a bakin ƙofa, sannan suka faɗa ciki suna birgima. Babbar ta kwanta a tsakiya ta ware hannuwa da ƙafafu, ba ta taɓa komai ba.

"Umma, ashe ɗakinmu babba ne!"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, amma daɗin da na ji ranar har yau ban sake jin irinsa a gidan nan ba. Na yi niyyar in bar Iya ta gani da idonta, ba sai na ce komai ba.

Maƙwabciyata ce ta fara shigowa, wai aron gishiri. Idonta yana kan bango tana karɓa. Da za ta fita ta dafa kafaɗata ta ce, "Sai haƙuri, zaman aure ya gaji haka. Allah ya daidaita ku." Bayanta wata ta zo neman wuta, wata ta zo tambayar ko kazarta ta shigo. Ban taɓa sanin unguwarmu tana fama da rashin gishiri haka ba.

A garinmu abu uku ne ke fitar da kayan mace daga ɗakinta: saki, mutuwa, ko yunwar da ke kai su hannun dillaliya. Tunda an gan ni da raina, saura biyu. Wasu suka ce maigidan ya sake ni, idda nake yi. Wasu suka ce a'a, ba ya ciyar da mu ne, na sayar da kayana na sayi hatsi. Ba wanda ya zo ya tambaye ni. Da na gaya wa maƙwabciyar cewa wuri kawai nake nema wa yara, sai ta yi murmushi ta ce, "Ai haka ake so, mace ta rufa wa mijinta asiri."

Bayan sallar azahar wani dattijo ya ja maigidan gefe a ƙofar masallaci, ya yi masa nasiha a kan haƙƙin iyali, har ya ce in abin ya yi tsanani ya zo ya auni dawa. Maigidan ya shigo gida ko sallama bai yi ba.

"Kin tozarta ni a garin nan. Ni za a yi wa tayin dawa?"

"Malam, ai sai da na gaya maka. Ka ce kayana ne."

"Na ce ki zagaya gari da su a amalanke?"

"To a ka zan ɗauka?"

Ya ce in iya bakina. Mutumin da bai san launin ko ɗaya daga cikin kwanukan nan ba, ranar ya zama mai kishinsu. Iya kuwa ta shigo ta ga filin da na yi domin ta gani, ta riƙe haɓa ta ce ɗaki ya koma kamar na mai takaba. Ko kallon tabarmin yaran ba ta yi ba.

Ban gama da su ba sai ga Inna. Da ƙafa ta zo, tana bin bayan amalanken, kwanukan suna ta ƙara kamar yadda suka tafi. Can ma an yi ta shiga yi mata jaje, har dangin mai neman ƙanwata sun aiko a ji ko lafiya. Na ja ta cikin ɗaki, na yi ƙasa da murya, na faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba.

"Inna, yarinyar za su ɗauke. Sun ce ɗaki ya yi kaɗan, shi ya sa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To sai me? Ke ba a hannun kakarki kika yi wayo ba? Mutuwa na yi? A kan 'yar fari kike zubar mana da mutunci? Shekara nawa na yi ina surfe ina tara miki kayan nan, don kar a raina ki a gidan miji!"

A nan na san ba ni da kowa. Ita ma an karɓe mata, ta haɗiye, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ni in fi ta ba.

Har da ƙari ta zo da shi, sabon saitin kula, don a tabbatar ba a sayar da komai ba. Ita da Iya, waɗanda ba su cika shiri ba, ranar bakinsu ɗaya. Suka ɗage labule, suka bar ƙofa a buɗe, suka yi ta jere suna hira da ƙarfi. Matan unguwa suka shigo suka gani, aka yi ta hamdala wai an sasanta. Aka naɗe tabarma ɗaya aka jingine a bayan ƙofa. Maigidan ya sayo tsire da yamma, ya ce komai ya wuce.

Da aka gama yankan dawa Gwaggon yara ta zo daga Ungogo. Ta leƙa ɗakin ta ce, "Kai, gaskiyar Iya ce. Ina za a sa yaro a nan?" Na ce haka ne, Yaya. Na haɗa wa yarinyar kayanta a jakar bakko, ba su ma cika ta ba. Aka ce za a sa ta a makaranta mai kyau a can, kowa yana ta yi mata barka. Ita dai tana tsaye jikin gado tana wasa da bakin hijabinta, ba ta yi kuka ba, don an gaya mata manya ba sa yi.

Tun da safe na toya mata ƙuli mai sukari, irin wanda take so, wanda ba na yi don sayarwa. Na rasa abin da zan ba ta wanda zai ce daga hannuna ya fito. Sai na taka kujera na sauko da wata ƙaramar langa mai murfi daga can saman jeren, na goge ta da gefen zanena. Na ce a raina ko wannan ɗaya dai ta bi ta, ta riƙa cin abinci a ciki.

Na fara zuba ƙulin ke nan ta riƙe hannuna. Ta waiga ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta yi magana a hankali.

"Umma, mayar da ita. Kar a sake yi miki faɗa. Sa min a leda."

Na juye mata a baƙar leda, na ƙulle bakin. Gwaggonta ta ƙwala mata kira daga zaure cewa mota ba ta jira. Ƙannenta suka bi ta da gudu, Iya ta bi su, har maƙwabciyata ta fito rakiya. Ni uwar 'yar fari ce, ba a rakiya da ni. Na tsaya a tsakar ɗaki har na daina jin muryoyinsu, sannan na taka kujera na mayar da langar inda take.