An ba ni manhajata gyara a kasuwar Kibiya

Jama'a, yau na ga rainin wayo da idona!

Kun tuna manhajar lissafin shago da na sha wuya na haɗa a Rano, ciniki ya ƙi? Ɗazu a kasuwar Kibiya na tsaya wurin mai tura karatu a waya. Da ya gama zuba mini, sai ya ce, "Malam, ga gyara na ƙara maka."

Na duba. Wallahi manhajata ce! An goge sunana!

Na ce, "Ni fa na haɗa ta! Sayarwa nake!"

Ya yi dariya. "A ƙasar nan wa ke sayen manhaja? Amma tunda kai ne, don Allah ka sake duba ta. Kwastomomina na ƙorafin tana maƙalewa."