Jinin Dodon da Muka Auna da Rula

Wata na huɗu da yanke wa yayana ƙafa, na tashi daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi ranar Asabar, kamar yadda na saba. A babur ya yi haɗari, yana dawowa da buhun wake daga Karofi. Tun da aka sallame shi ya koma ɗakin da ke kusa da na Inna, mahaifiyarmu, ya sa aka saki labule. Abokansa 'yan acaba su zo su yi ta sallama a zaure, ya ce a ce musu yana barci.

Abin da ya rage masa shi ne wani wasa a waya, wanda ake shiga ta intanet, mutum ya zama jarumi mai takobi yana yaƙi da dodanni. Inna ba ta son wasan, amma ta daina magana.

Ran nan ina ajiye masa fura ya ce, “Malama, ke da kike koyar da lissafi, zo ki duba mini wani abu.”

Tun haɗarin bai roƙe ni komai ba. Na zauna a bakin katifa.

Wani dodo ne ya tare masa hanya mako biyu. Duk saran da ya yi masa, lamba ɗari da ashirin takan fito, amma ba a rubuta yawan jinin dodon ba, sai wani jan layi a saman kansa da ke raguwa kaɗan-kaɗan. Minti uku ake bayarwa. Yana so ya san ko abin mai yiwuwa ne.

Na ciro rula daga jakata. Tsawon layin milimita sittin ne. Na ce ya yi sara goma ya ɗauki hoton allon, na auna, layin ya ragu da milimita uku. Muka maimaita sau biyar don kada ido ya yaudare mu. A bayan takardar maganinsa na yi lissafin, jinin dodon ya kama dubu ashirin da huɗu. Shi kuwa ko yatsansa bai huta ba, sara ɗari yake iya yi kafin lokaci ya ƙare.

“Mi kika samu?”

“Rabi kawai za ka iya ci, Yaya. Ba a yi shi don mutum ɗaya ba.”

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Na zaci zai jefar da wayar. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, akwai mutum biyu a tasharsu da ke yin wasan, su ne ma suka sa masa shi. Na fita na taya Inna tsince shinkafa.

Bayan la'asar na ji muryarsa ta labule yana waya. Gaisuwar ta yi tsawo, ya yi ta cewa “alhamdu lillahi” a hankali.

Washegari suka zo su biyu, suka cire takalma, suka zauna a tabarma suna kauce wa kallon inda zanen da ya rufa da shi ya kwanta babu ƙafa. Sau biyu dodon ya kashe su. A karo na uku dodon ya faɗi, saura daƙiƙa tara. Ba wanda ya yi ihu. Babban cikinsu ya kife wayarsa ya ce, “Ni na ɗauke ka daga kan titi ranar. Na so in faɗa maka, ba ka bari na shigo ba.”

Yaya ya tambaye shi yadda ya same shi, da wanda ya tsayar da mota, da inda babur ɗin yake yanzu. Mutumin ya ba shi labari tiryan-tiryan. Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren abinci har ya huce, ban shiga ba. Da yamma na bi motar ƙarshe zuwa Dutsin-Ma, su kuma suna ciki suna magana.