Fitilar Kawu Luka ta kama yau ma

Yanzu da safen nan labari ya same ni. Kawu Luka ya rasu.

Ba daga bakin mijina na ji ba, ba kuma daga bakin fasto ba. Madam Ngozi mai sayar da kayan wuta a Sabon Gari ce ta kira ni tana kuka, tana cewa, "Saratu, sori o, Allah ya ba ku haƙuri. Oga Luka mutumin kirki ne."

Na ce wane Luka? Ta ce na gidanku mana, mai shagon gyaran rediyo.

Dariya na yi, Allah shaida. Na ce, "Madam, kin yi kuskure. Yana shago yanzu haka, ga fitilarsa nan ina kallo."

Ta ce tun jiya da yamma ne ya rasu, a asibiti. Ta ce ya fi mako a kwance, ita ma ta je dubiya. Sai ta tambaye ni a hankali, wai ba a gaya mini ba?

Ba a gaya mini ba.

Waɗanda ba su san zancen fitila ba, bari in yi muku bayani, don ku gane abin da aka yi mini.

Kawu Luka ba ɗan'uwana na jini ba ne. Shagonsa ne a gaban gidan da muke haya a Samaru, ɗakinsa na bayan shagon, namu kuma can ƙuryar gida. Tun ranar da muka tare ya ce in kira shi Kawu, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai 'yata. Dutsen gugana, fankarmu, cajar wayata, babu wanda bai ratsa ta hannunsa ba. Idan na yi maganar biya sai ya ɗaure fuska ya ce in kai masa miyar karkashi.

Wasunku sun san ina da ciki, kuma sun san na yi ɓari a baya, ba sau ɗaya ba. Wannan karon jinina ya hau, likita ya ce kwanciya kawai, ban da aiki, ban da tashin hankali. Makarantar da nake koyarwa suka yarda in riƙa tura wa ɗalibai darasi daga gida. To amma ɗakinmu kamar rijiya yake, ko netwok ɗin waya sai an miƙa hannu ta taga. Rawutar intanet da 'yan gida muke amfani da ita tana shagon Kawu, wayifai ɗinta kuwa ko rabin tsakar gida ba ya kaiwa.

Da farko doguwar waya ya ja mini ta tsakar gida. Ba a jima ba maƙwabta suka mayar da ita igiyar shanya. Mai gida kuma ya ce duk wanda ya huda masa bango ya tattara kayansa.

Sai Kawu ya hau keke napep ya tafi Sabon Gari wurin Madam Ngozi, ya dawo da wasu fararen akwatuna biyu ƙanana, kowane bai fi sabulun wanki ba. Fawalayin adafta sunansu, amma shi tagwaye yake kiransu. Ya jona ɗaya a soket ɗin shago kusa da rawuta, ɗayar a bangon da ke gefen gadona. Ya ce tunda mitarmu ɗaya, intanet zai biyo wayar wutar da ke cikin bango ya zo har inda nake.

Na ce, "Kawu, yanzu wuta da intanet a waya ɗaya? Kar ka ƙona ni da ɗan mutane."

Ya ce, "Ke dai kar ki sa ta a estenshan, kar ki bi da ita ta sitabilaiza. Bango kai tsaye take so. Sauran ki bar mini."

Ya danna maɓallin tawa, ya fita da ɗan gudunsa na tsofaffi ya je ya danna tasa. Fitila uku ne a jikin abin. Ta tsakiya ba ta kamawa sai idan 'yar'uwarta tana jone a can. Ina kwance na ga ta yi kore, na jiyo shi tun daga shago yana ihu, "Ta kama? Ta kama?"

Kawu mutum ne mai tsoron wutar garin nan, yadda ake kawo ta da ƙarfi ta cinye kayan mutane. Saboda haka duk yamma idan zai rufe shago sai ya zare tasa, da safe idan ya buɗe ya mayar. Ba mu shirya ba, amma haka abin ya zama gaisuwarmu. Duk safiyar da akwai wuta, in na ga ta tsakiya ta kama, na san Kawu ya tashi lafiya, ya buɗe shago, yana shan kokonsa.

Mai kwanciya wata da watanni ne kaɗai zai san darajar irin wannan ƙaramin abu.

Zuwansa na ƙarshe, gyaɗa dafaffiya ya kawo mini a leda. Bai shigo ba, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa yana tari. Na ga wandonsa ya yi masa yawa, na tsokane shi na ce ko budurwa ce ta ƙi shi. Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

Ya ce, "Mura ce ke damuna, ba zan riƙa shigowa ba kar in shafa miki. In dai kin ga ta tsakiyar nan ta kama, to tsohon na nan bai je ko'ina ba."

Na yarda. Me zai hana in yarda? Kawu bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ashe washegari aka kai shi asibiti.

Bayan Madam Ngozi ta kashe waya, na ci gaba da kallon fitilar nan. Kore shar. Kiran nata ma na intanet ne, ta cikinta ya shigo. Na ƙwala wa mijina Ayuba kira, ya shigo da kofin shayi a hannu, yana ganin fuskata ya ajiye shi a ƙasa.

Na ce, "Ayuba, wa ya jona adaftar Kawu yau?"

Ya kasa kallona.

Na ce, "Da kai nake. Mutum ya mutu tun jiya, wa ya buɗe shagonsa da safen nan?"

Ya ce shi ne. Ya ce shi ne kullum. Kawu ne ya danƙa masa makulli a gadon asibiti, ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka jona da safe, ka zare da yamma, kar ka yi fashi. In yarinyar nan ta ji, jininta zai hau, ni kuma ba zan yafe maka ba."

Wato duk safiya mijina yana tashi daga gefena, ya ce zai je sayo burodi, ya zagaya ya buɗe shagon mutum ya kunna mini ƙarya. Ya dawo ya same ni ina murmushi ina cewa Kawu ya tashi, shi kuma ya ce, "E, na gan shi."

Yau ma ya yi. Wannan ce ba zan iya haɗiyewa ba. Gawar Kawu na kwance a asibiti, Ayuba ya sa makulli ya shiga ya jona. Wai yana jiran matar fasto ta zo su gaya mini tare.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Gidan nan kaf sun sani. Matan zumunta na cocinmu da suka zo suka yi mini waƙa da addu'a, daga asibitin suke, ba wadda ta ko yi tari. Ƙanwar Kawu ta Muchia da ke jinyarsa ta aiko mini da kunu. Kowa ya shigo da fara'a ya fita, ni ce kaɗai sakarar da ke gaisawa da bango.

Akwai ranar da intanet ya yi sanyi, na tura masa saƙo na ce, "Kawu, tagwayenka sun fara lalaci fa." Amsa ta zo, "Za a duba, 'yata." Ɗazu Ayuba ya ce a ranar aka sa masa robar numfashi. Kawu da kansa ya karɓi wayar ya rubuta, ya ɗauki lokaci kafin ya gama.

Na san abin da za ku rubuta mini a ƙasa. Don ƙauna suka yi. Don lafiyarki ne. Don ɗan da ke cikinki ne. Na sani, ba sai an gaya mini ba, kuma wataƙila da ni ce a matsayinsu da haka zan yi.

Amma an cuce ni. Ba cewa na yi sai na tashi na je asibiti ba. Waya fa? Murya fa? Da an kira ni an kara masa a kunne, in ce Kawu na gode, in ce masa tun rasuwar mahaifina ban sami wanda ya tsaya mini kamar shi ba. Ban taɓa gaya masa ba, kullum tsokana ce tsakaninmu. Suka zauna suka yanke cewa ba zan iya ɗauka ba, ba wanda ya tambaye ni. Ga shi yanzu na ɗauka gaba ɗaya, daga bakin wata a kasuwa.

Kai kuma Kawu, da kai na fi fushi. Kai ka koya mini in yarda da fitilar nan, kai kuma ka sa aka ruɗe ni da ita. Ka san ba zan iya riƙe ka da faɗa ba, shi ya sa ka shirya komai ka tafi abinka.

An auna jinina ɗazu, ya hau amma ba sosai ba. Yaron yana motsi. Masu kira ku yi haƙuri, ba zan iya ɗauka ba yau.

Gobe za a tafi da gawar Kawu ƙauyensu can kudancin Kaduna, likita kuma ya ce ko bakin titi kar in je. Ayuba ya tsaya a bakin ƙofa idonsa jawur, yana tambaya ko ya zauna da ni. Shi ma uba ya rasa, kuma ya kwana da kukansa a ciki don kar in ji. Na sani, amma har yanzu ban iya kallon fuskarsa ba.

Na ce ya tafi. Na ce idan an sauke Kawu, kafin a zuba ƙasa, ya matsa kusa ya faɗa masa saƙona da baki, ba a zuci ba. Ya ce masa Saratu ta gode, kuma Saratu ba ta huce ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Luka, ka gafarta masa, har da wannan da ya yi mini. Ka ba shi hutun da bai samu ba a duniya. Ka ta'azantar da ƙanwarsa da dukan danginsa, cikin sunan Yesu.

Duk wanda ya karanta wannan, Kirista ko Musulmi, don Allah ka yi wa Kawu addu'a. In ka gama ka sa ni a ciki, Allah ya sassauta mini zuciya kafin Ayuba ya dawo, domin shi kaɗai ya rage da zan iya yafe wa ido da ido.