Tulip ɗin Hajiya

Yau da safe na fito zan tafi aiki, sai na tsaya cak a ƙofar gida: tulip ɗin Hajiya sun yi fure.

Bara da mahaifiyar tawa ta zo min wankan jego nan Springfield, ta tarar ina binne kawunansu masu kama da albasa.

Ta ce, "Ke, wa yake shuka ana shiga sanyi?"

"Sai sun sha sanyin suke fitowa, Hajiya."

Ta durƙusa ta binne bakwai, ta barbaɗe su da yajin jegona don kar kurege ya tone. "In ban gani ba, ki gane min."

Ta koma Kano, a can ta rasu.

Na gane miki, Hajiya. Jajaye ne, duka bakwai.

Wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a.