Kayan Teku da Na Zaɓa wa Autana a Riyad

Ana sallame sallar asuba muka bar Yawuri, ni da babbar 'yata mai aikin jinya a Riyad, wadda ta zo ɗaukata. Mota har Kano, jirgin sama har Jidda, muka yi Umra, sannan doguwar bas ta nausa da mu gabas. Ni da na tsufa a bakin kogin Kwara, na yini ina leƙen taga ban ga ko kududdufi ba. Rairayi, raƙuma, sai gidan mai. A hanya aka kawo mana shinkafa da rabin kaza, ba miya. Na ci dai don tafiya.

Ba kallon gari ya kai ni ba. Autana, da ke zaune a unguwar Manfuha ta Riyad ɗaki ɗaya da wasu 'yan Maraɗi, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya mai da shi aikin jirgin kamun kifi a tekun gabas, kuma a tsakiyar sanyi. Na Riyad kaɗai ya sa haƙorana kaɗawa. Aka ce na teku ya fi.

To mu Sarkawa masunta, namiji ba ya hawa ruwa da tufafi. Ɗan bante, shi ke nan. Riga in ta sha ruwa ita ke jan mai ita ƙasa, na ga waɗanda aka tsamo da rigunansu.

A kasuwar Bataha wani ɗan Damagaram mai shago ya baje mana rigar ulu, rigar roba, da wani wandon roba haɗe da takalmi, ya kai har ƙirji.

Na ce, "Wannan likkafani ne. Ɗauke."

Ya ce, "Hajiya, can ba Kwara ba ce. Iska kaɗai ke sandarar da yatsu, mutum ya kasa riƙe igiya."

Autana ya ce, "Inna, kowa shi yake sawa."

"Kowa ni na haife shi?"

Na zauna na auna abin. A kan jirgi sanyi na kisa, a cikin ruwa tufa na kisa, yaron kuma guda ne. Na sa aka kawo bokiti, na tsoma rigar ulun da wata ta auduga na matse, na ɗora a damtsena. Audugar ta manne kamar jikin kwaɗo, ulun bai bar ɗuminsa ba. Na ɗauki ulu. Na ɗauki rigar roba ita kaɗai, da gajeren takalmi wanda ya fi ƙafarsa girma, yadda shuri ɗaya zai fid da shi.

Da muka koma Manfuha na ciccire maɓallan rigunan, na ɗinka igiyoyi a madadinsu, na ƙulla zarge irin na ɗaure kwalekwale: ja ɗaya, ya warware. Na sa ya saka kayan duka, in na tafa ya tuɓe. 'Yan ɗakinsu suka yi ta dariya, har suka dubi fuskata suka bari. Ban ƙyale shi ba sai da ya iya da ido rufe.

Ranar da motar kafil ta zo, ya durƙusa na dafa kansa. Ban yi kuka ba sai da ta sha kwana.

Yanzu ga ni a gida, kullum kunnena na wajen masu dawowa daga can. Tafiyar nan ta nuna mini ruwan duniya ya fi wanda na sani yawa. Dattawan unguwarmu suka tambaye ni, wai gaskiya ne ɗan Sarkawa na hawa ruwa da takalmi? Na ce gaskiya ne, ni na zaɓa masa, ni kuma na koya masa cirewa.